Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Foka: Yaushe Ake Zubi, Yaushe Ake Ƙyalewa

Wanda ya taɓa tsayawa kan masu dara a wata majalisa ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa a Katsina ya san cewa a wannan wasa ba a ɓoye komai. Gurabu talatin ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, kuma abin da ɗan wasa yake gani, shi abokin karawarsa yake gani, shi 'yan kallo suke gani. In an ci mutum, hangensa ne ya gaza. Karta ba haka take ba. Ko a wot ɗin da samari ke bugawa a bakin shago, kowa manna katunansa yake yi a ƙirji, kuma rabin wasan cankar abin da ke hannun wani ne.

Foka, wadda Turawa ke rubutawa Poker, ita ce kartar da ta kai wannan ɓoye-ɓoye maƙura. Baƙuwa ce a nan. Yawancin mutanen Katsina da suka san ta a finafinan Amurka suka gan ta, ko a manhajojin waya inda ake bugawa da ƙwayoyin bogi. Idan aka sa kuɗi sunanta caca, kuma matsayin caca a addini da dokar jiha a fili yake, za a zo kansa. Abin da ya sa ta cancanci bayani shi ne masana lissafi da tattalin arziki sun kusa shekara ɗari suna nazarinta, domin ta tattara wata matsala da kowane ɗan kasuwa ya sani: yadda mutum zai yanke shawara alhali rabin labari ne kawai a hannunsa. A teburin foka matsalar takan zo da siga ɗaya. Wasa ya zo kan mutum, ba wanda ya zuba kafin shi. Zubawa zai yi ko ƙyalewa?

Mene ne foka?

Wasan ya bayyana a Amurka a farkon ƙarni na 19, a yankin New Orleans da jiragen ruwan da ke bin kogin Mississippi, kuma da kati 20 kacal aka fara buga shi. Yana da iri-iri, amma wanda ya mamaye duniya yau shi ne Texas Hold'em. Shi ake bugawa a babban wasan gasar duniya ta Las Vegas, gasar da aka kafa a 1970, kuma shi wannan bayani zai bi.

Katunan 52 ne, sun kasu dangi huɗu. Biyu jajaye, wato zuciya da daimon, biyu baƙaƙe, wato mai kama da bakin mashi da mai ganye uku. Kowane dangi yana da kati 13: daga 2 zuwa 10, sai J, sai Q, sai K, sai A wanda ya fi duka girma. Mai rabo yakan ba kowa kati biyu a kife, shi kaɗai zai gani. Daga nan sai a buɗe kati biyar a tsakiyar tebur, na kowa da kowa, amma ba a lokaci guda ba: uku da farko, sannan na huɗu, sannan na biyar. Kowa zai haɗa biyunsa da biyar ɗin tsakiya ya zaɓi biyar mafi daraja daga cikin bakwai. Su ake kira hannunsa.

Kafin buɗin farko, da bayan kowane buɗi, akwai zagayen zubi, wato zagaye huɗu ke nan. Abin da aka zuba a tsakiya yake taruwa, a kira shi tuli. Hanya biyu ce ake cin tulin: ko dai a kai ƙarshe a buɗe katuna mai hannu mafi daraja ya kwashe, ko kuma mutum ya zuba abin da kowa ya ƙi amsawa, ya kwashe ba tare da an ga katinsa ba. Wannan hanya ta biyu ita ta raba foka da sauran karta.

Wanda wasa ya zo kansa alhali ba zubi a gabansa yana da zaɓi biyu. Zai iya zubawa, ko ya ƙyale, abin da 'yan wasan ke kira cek, sukan nuna shi da ƙwanƙwasa tebur. Ƙyalewa ba fita ba ce: mutum na nan cikin wasa da katinsa, bai dai ƙara komai a tuli ba. Idan kuwa wani ya riga ya zuba, ƙyalewa ta faɗi, saura uku: ya amsa da daidai abin da aka zuba, ya yi ƙari a kai, ko ya janye ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya saka.

Darajar hannu da ƙidaya

Ƙa'idar daraja ɗaya ce: abin da ya fi wuyar samu shi ya fi tsada. Daga kati 52 ana iya fitar da hannu mai kati biyar ta hanya 2,598,960. Fiye da rabinsu, wato 1,302,540, ba su haɗa komai ba. Masu tagwaye ɗaya, kamar 8 da 8, su 1,098,240 ne. Daga nan adadin sai ya yi ta faɗuwa: tagwaye biyu 123,552, 'yan uku 54,912, jere, wato lambobi biyar a bi da bi, 10,200, dangi ɗaya, wato kati biyar duk zuciya ko duk daimon, 5,108, 'yan uku haɗe da tagwaye 3,744, 'yan huɗu 624, jere kuma dangi ɗaya 40 tak. Ƙidaya irin wannan tana da tarihi a garin nan. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen murabba'i su ba da jimla ɗaya ta kowane gefe. Ba karta yake lissafawa ba, amma tambayar dangi ɗaya ce: ta hanya nawa abu zai iya jeruwa?

Lambobi biyu sun fi sauran amfani ga mai auna hannu. Kati biyun farko suna iya zuwa ta hanya 1,326, kuma A biyu, wato mafi kyawun farawa, sau ɗaya cikin 221 suke zuwa. Sannan wanda ya riƙe kati biyu mabambanta, sau ɗaya cikin uku ne kawai buɗin farko zai ba shi tagwaye. Ma'ana, a mafi yawan lokuta abokin karawa ba shi da abin kirki a hannunsa. Sabon shiga yakan ga kamar abokin karawarsa kullum da babban hannu yake, alhali ƙidaya ta ce akasin haka.

Dalilan zubi

Kuskuren farko da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar cewa mai kati mai kyau ke zubi, mai kati mara kyau ke ƙyalewa. Kyan kati shi kaɗai bai isa dalili ba. Zubi saƙo ne da ake aika wa wani, ribarsa kuma tana ga amsar da za ta dawo.

Manyan dalilai biyu ne. Na farko, mutum ya zuba domin wanda bai kai shi ba ya amsa, tuli ya ƙaru kafin ya kwashe. Wannan zubin riba ne. Na biyu, ya zuba domin wanda ya fi shi ya tsorata ya janye. Wannan burga ce. Akwai na uku, ƙarami, wanda ke aiki muddin da sauran kati a kife: mutum ya zuba domin kada mai jiran kati ya ga na gaba kyauta.

Saboda haka tambayar da ake yi kafin a taɓa ƙwaya ita ce: wane hannu da bai kai nawa ba zai amsa, wane hannu kuma da ya fi nawa zai janye? Idan amsar duka biyun babu ce, zubin asara ne ko da katin ya yi kyau. Wanda ya fi shi zai amsa ya ci, wanda bai kai shi ba zai gudu bai bar komai ba. A nan ne ƙyalewa take zama shawara mai kyau, ba tsoro ba.

Yadda ake karanta abin da ba a gani

Finafinai sukan nuna gwani ya ƙura wa abokin karawa ido ya faɗi katin da yake riƙe da shi. Masu nazarin wasan ba haka suke yi ba. Ba sa cankar hannu ɗaya. Sukan jera duk hannuwan da mutum zai iya riƙewa, sannan su riƙa rage jerin da duk abin da ya aikata. Wanda ya yi ƙari kafin a buɗe komai da wuya ya riƙe 7 da 2. Wanda ya amsa kawai bai yi ƙari ba, da wuya ya riƙe A biyu. Kowane zagaye sai jerin ya ƙara tsukewa, kamar yadda dillali a kasuwar dabbobi ta Charanchi ko Mai'aduwa yake gane iyakar aljihun mai saye daga tayinsa na farko da na biyu, ba tare da ya leƙa aljihun ba.

Jerin kuma ƙirga shi ake yi. Tagwaye iri ɗaya, a ce 8 da 8, suna haɗuwa ta hanya 6. Kati biyu mabambanta, a ce K da Q, ta hanya 16. Duk katin da mutum ke gani a hannunsa ko a tebur yana rage wannan adadi, tunda kati ɗaya ba ya zama wuri biyu. Idan 8 ɗaya ta bayyana a tebur, hanyoyin riƙe 8 biyu sun koma 3.

Farashin amsawa

Kafin a fahimci nawa ya kamata a zuba, sai an san yadda mai amsawa yake lissafi. A ce tuli ƙwaya 100 ne, wani ya zuba 50. Mai amsawa zai saka 50, tulin ya zama 200. Rabonsa a ciki kashi 25 cikin 100 ne, don haka sai in yana sa ran ci fiye da sau ɗaya cikin huɗu amsawar za ta biya shi. Da zubin 100 ne, zai saka 100 cikin 300, yana buƙatar kashi 33. Da 20 ne, kashi 14 ya ishe shi.

Sai ya auna wannan farashi da damarsa. A ce yana riƙe da zuciya biyu, a tebur akwai zuciya biyu, yana jiran ta biyar. Zuciya 13 ce, ya ga huɗu, saura tara. Su ne katunan cetonsa. Bayan buɗin farko katunan da bai gani ba 47 ne, don haka damar kati na gaba ya cece shi 9 cikin 47 ce, kusan kashi 19. Idan zai ga katunan biyu da suka rage, damar takan kai kashi 35. 'Yan wasa suna da gajerar hanya: a ninka katunan ceto da biyu in kati ɗaya ya rage, da huɗu in biyu suka rage. To mai kashi 19 da aka sa wa farashin kashi 25, in ya amsa ya saya da tsada. Aikin mai zubi ke nan: ya sa farashin da mai jira zai yi kuskure in ya biya.

Hannu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki mutum biyu. Na farko yana riƙe da A mashi da Q ganye, ya yi ƙari kafin buɗi, na biyu ya amsa. Tuli ya zama 60. Mazauninsu ya sa na biyu ne zai riƙa fara magana a kowane zagaye bayan buɗi, na farko ya biyo baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: mai magana a ƙarshe kullum ya riga ya ga abin da ɗan'uwansa ya yi, kamar mai sayen da ya bari mai kaya ya fara faɗin kuɗi.

An buɗe uku: Q daimon, 8 zuciya, 3 zuciya. Na biyu ya ƙyale. Na farko yana da tagwayen Q, mafi girman da teburin ke bayarwa, ga A tana dafa musu baya. Sai ya ƙirga. Waɗanda suka fi shi su ne mai 8 biyu, hanya 3, mai 3 biyu, hanya 3, da mai Q biyu, hanya 1 tak, tunda Q biyu ne suka rage. A biyu ko K biyu ma sun fi shi, amma mai su da ya yi ƙari tun farko. Tagwaye biyu, kamar na mai Q da 8, ma sun fi shi, amma da wuya a amsa ƙari da irin wannan kati. Waɗanda ba su kai shi ba amma za su amsa kuwa suna da yawa: K da Q hanya 8, Q da J hanya 8, Q da 10 hanya 8, ga masu 8 ɗaya, ga masu jiran zuciya. Hanya bakwai a gefe guda, fiye da talatin a ɗayan. Zubi ya tabbata. Ya zuba 40, wanda ya sa wa mai jiran zuciya farashin kashi 29 a kan damar kashi 19. Na biyu ya amsa, tuli ya koma 140.

Kati na huɗu 2 mashi ne. Bai sauya komai ba: bai cika dangi ba, bai cika jere ba. Na biyu ya sake ƙyalewa. Dalilan ɗazu suna nan, sai dai jerin ya ɗan tsuke, domin mai hannun banza ya riga ya janye a zagayen baya. Na farko ya zuba 90, aka amsa, tuli ya kai 320.

Kati na biyar 9 zuciya ce. Na biyu ya ƙyale a karo na uku. Katunan na farko ba su sauya ba, tagwayen Q ɗin nan ne da A. Duniyar da suke ciki ce ta sauya. Duk mai jiran zuciya yanzu ya cika dangi. Mai J da 10 ya sami jere daga 8 zuwa Q. Mai Q da 9, ko 9 da 8, ya sami tagwaye biyu. Kuma dalili na uku ya mutu, tunda ba sauran katin da za a hana wani gani.

Sai a koma ga tambayar farko. Wa zai amsa zubi na uku alhali bai kai tagwayen Q da A ba? Wataƙila mai K da Q, wanda hanyoyinsa suka koma 7 saboda K zuciya da Q zuciya yanzu dangi ne. Mai Q da J ko Q da 10 akasari zai janye ganin yadda tebur ya lalace. Wa zai amsa cikin waɗanda suka fi shi? Dukkansu. Ko da an ƙaddara cewa hanyoyin riƙe zuciya biyu da suka kai wannan zagaye 12 ne kawai, sun riga sun rinjayi bakwai, tun ba a ƙirga jere da tagwaye biyu ba. Ƙa'idar zagayen ƙarshe ita ce zubin riba ba ya halatta sai in mutum zai ci fiye da rabin lokutan da aka amsa masa. A nan ba zai kai ba. Burga ma ba ta da wuri, domin mai dangi ba zai janye ba. Bugu da ƙari, in ya zuba ya buɗe wa na biyu ƙofar ƙari, wanda zai tilasta masa ajiye hannun da mai yiwuwa shi ne kan gaba. In ya ƙyale kuwa, zagaye ya rufe, za a buɗe katuna kyauta, kuma zai ci duk lokacin da na biyu ke riƙe da Q mai rauni.

Don haka hannu ɗaya ya cancanci zubi sau biyu, ya cancanci ƙyalewa a na uku. Wanda ya zuba a nan saboda "ai katina mai kyau ne" katinsa yake kallo, ya manta da mutumin da ke gabansa.

Ƙyalewar na biyu ma abin lura ce. Mai fara magana yakan ƙyale da babban hannu da gangan, ya bar ɗan'uwansa ya zuba sannan ya yi masa ƙari. Tarko ne, kuma dole ya riƙa ɗana shi lokaci-lokaci, in ba haka ba duk ƙyalewarsa za ta zama shelar cewa ba shi da komai.

Burga da lissafinta

A bar teburin yadda yake, a sauya katunan na farko su zama A zuciya da K ganye. Yanzu ba shi da ko tagwaye. In ya ƙyale aka buɗe, kusan kowa zai cinye shi. Hanyar cinsa ɗaya ce, a janye masa. Ga shi kuma yana riƙe da A zuciya, wato ya san tabbas na biyu ba shi da dangi mafi girma. Wannan hannu, wanda bai kai na ɗazu ba ko kusa, ya fi shi cancantar zubi.

Abin kamar a birkice yake, amma shi ne abin da John von Neumann ya tabbatar da lissafi. Wannan masani haifaffen Budapest ya fitar da maƙalarsa kan wasanni a 1928, sannan a 1944 shi da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka wallafa littafin da ya kafa fannin nazarin wasanni, wanda yau ake koyarwa a sassan lissafi da tattalin arziki na jami'o'i. A ciki sun rage foka ta zama ƙaramin samfuri, suka nemi dabarar da ba za a iya cin galabarta ba. Sakamakon shi ne a zuba da hannuwa mafi ƙarfi, a zuba da mafi rauni, a ƙyale da matsakaita. Mai ƙarfi yana son a amsa. Mai rauni ba abin da zai rasa in an hana shi buɗi, tunda dama ba zai ci ba. Matsakaici shi ke da abin asara, don haka shi ke neman a kai ga buɗi da arha.

Burgar kanta tana da ma'auni. Wanda ya zuba 100 a tulin 100 yana buƙatar a janye masa rabin lokaci kafin ya fita kunya. Wanda ya zuba 50, sau ɗaya cikin uku ya isa. Sannan akwai yawan da ya kamata ta kai. Wanda ba ya zubi sai da babban hannu, ba da jimawa ba za a gane shi, a daina amsa masa, babban hannun ya tashi a banza. Wanda burgarsa ta yi yawa kuma kowa zai riƙa amsa masa. Tsakiyar ita ce, ga mai zuba daidai da tuli a zagayen ƙarshe, zubin gaskiya biyu, burga ɗaya. Mai amsawa yana saka 100 don neman 200: sau ɗaya cikin uku zai ci 200, sau biyu zai rasa 100, lissafi ya tashi babu. Ko ya amsa ko ya janye duk ɗaya ne, wato an ƙwace masa dabara.

Masu cinikin rago gab da Babbar Sallah sun san wannan ba tare da alƙalami ba. Mai saye yakan juya ya kama hanya bayan an ce masa albarka. In an san kullum sai ya dawo, tafiyarsa ba ta girgiza mai rago. In kuma bai taɓa juyawa ba sai ranar da da gaske ya fasa, ya bar wani makami a ajiye. Tafiyar tana da nauyi ne saboda mai rago bai san wace iri ce ta yau ba.

Abin da kwamfuta ta ƙara

An daɗe ana ganin burga halin ɗan'adam ce da na'ura ba za ta iya ba. A Janairun 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sanar da wata manhaja mai suna Cepheus da ta kusan warware nau'in wasan na mutum biyu mai ƙayyadadden zubi. A Janairun 2017 wata mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta buga hannu 120,000 cikin kwana 20 da ƙwararru huɗu a Pittsburgh, ta cinye su. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida. Ba wanda ya koya musu burga. Da kansu suka gano ta yayin da suke bugawa da kansu sau biliyoyi. Sun kuma nuna cewa a hannuwa da yawa amsar ba zubi ba ce ko ƙyalewa, gauraye ce: a zuba wani kaso na lokaci, a ƙyale sauran, ba tare da tsarin da za a iya ganewa ba.

Sa'a, la'ada da doka

Duk wannan lissafi a kan dogon zango yake aiki. A hannu ɗaya, shawara mai kyau tana iya faɗuwa, mummuna ta ci. Mai A biyu da ya haɗu da mai K biyu yana cin kusan kashi 82, wato kusan sau ɗaya cikin biyar shi ake ci bai yi kuskuren komai ba. Wannan ya sa mutum kan daɗe bai san ko ya iya ba ko sa'a ce ke ɗauke da shi, kuma mafi yawa sukan danganta ci ga gwaninta, faɗuwa ga rashin sa'a. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne na Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee da ya ci gasar Las Vegas ta 2003 cikin mutum 839, ya tashi da dala miliyan 2.5, bayan wata shahararriyar burga da ya yi wa abokin karawarsa Sam Farha. Shekara uku bayan haka masu shiga suka kai 8,773, kujerar kowane dala 10,000, mafi yawansu kuma hannu rabbana suka koma gida.

Sannan ga la'ada. A dara ko wot na nishaɗi ba wanda ke cirar komai. A gidan caca da shafukan intanet kuwa, mai gida yakan yanki wani kaso daga kusan kowane tuli, ko wa ya ci. Mutum shida masu gwaninta ɗaya in suka daɗe a tebur, dukkansu ƙasa za su yi, domin kuɗin yana zagayawa a tsakaninsu ne yana zubewa ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya yi asara kuma yakan shiga zafin ramuwa, ya riƙa zubin da lissafinsa na ɗazu zai hana shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukanta, a sabon kundin da ya fara aiki a 2022, a rukuni ɗaya da sauran halayen da ke kama mutum ya kasa bari.

Ta fuskar addini, an ambaci caca a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, kuma malamai ba su saɓa kan haramcinta ba. Inda suka yi saɓani shi ne wasannin da ba a sa kuɗi. Gwaninta ba ta fitar da foka daga wannan hukunci, domin kuɗi ne ake ɗorawa kan katin da ba wanda ya san shi. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka kuma kafa hukumar Hisbah ta jiha a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Oktoban 2024. A Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar tarayya ta 2005 kan caca ba ta hau kan jihohi ba, ikon na majalisun jihohi ne. Shagon bakin titi ana iya garƙama masa kwaɗo. Teburin foka na yau a cikin waya yake, kamfanin da ke yankar la'adar kuma sau da yawa ba ma a Nijeriya yake ba.